Kakar 1951 a San Faransisko: sun ci wasa tara, sun rasa ƙungiyar

A ƙarshen watan Disamban 1951, shugaban Jami'ar San Faransisko da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, Fada William Dunne, ya ba da sanarwar rufe ƙungiyar ƙwallon jami'ar. Wata guda kafin nan ƙungiyar ta kammala kakar wasa babu wanda ya doke ta: wasa tara, nasara tara, ko kunnen doki ba a yi da ita ba. An saba ganin ƙungiya ta watse don yawan shan kashi. Wannan kuwa tana kan ganiyarta ta watse, kuma dalilin ya shafi launin fatar ƴan wasanta biyu. Wasan ba namu ba ne, amma labarin ya cancanci a ba da shi da Hausa.

Sai mu fara da wasan kansa, don sunansa yana ruɗa mutane. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa daban yake da balon da yaranmu ke bugawa a filin lakkwal. Ƙwallon nasu mai tsawo ne kamar gwanda, kuma da hannu aka fi yin wasan: a ruga da shi, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Tsawon filin yadi 100 ne, yadin nan da ake auna atamfa da shi, wato kimanin mita 91. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi goma gaba. In ya ci a ba shi wasu huɗu, in ya kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo bayan layin ƙarshe ya samo maki shida. Ana kama mutum a kayar da shi da ƙarfi, shi ya sa suke sa hular kwano da matashin kafaɗa.

A makarantu wasan ya girma. Karawar farko tsakanin jami'o'i an yi ta ne a 1869, tsakanin Rutgers da Princeton, kuma har zuwa 1951 ƙwallon jami'o'i ya fi na ƙwararru daraja a idon yawancin Amurkawa. Wanda ya san yadda jiha guda ke tsayawa bayan ɗan kokowarta lokacin gasar takobi zai gane yadda gari ke tsayawa bayan ƙungiyar jami'arsa a can. Sai dai akwai kuɗi a ciki, kuma masu yawa. Jami'a ke ɗaukar nauyin karatun ƴan wasa, da abincinsu, da tafiye-tafiyensu, da albashin masu horarwa. Kuɗin shiga fili ne ake sa ran zai biya wannan duka. Mai karatu ya riƙe wannan batu, za mu dawo kansa.

Jami'ar San Faransisko ƙarama ce. Limaman Katolika na ɗarikar Jesuit suka kafa ta a 1855. Ba ta cikin wani rukunin manyan jami'o'i, ita ke nemo abokan karawarta da kanta. Ana kiran ƙungiyarta Dons, kuma a filin Kezar take karɓar baƙi. Mai horar da ita Joe Kuharich ne, tsohon ɗan wasan Notre Dame, wanda ya yi suna wajen ba ƴan wasa horo mai tsanani.

Ƴan wasan ƴaƴan talakawa ne galibi. Akwai Gino Marchetti, ɗan wasu baƙin haure daga Italiya, wanda ya yi yaƙin duniya na biyu a Turai kafin ya shiga jami'a. Akwai Bob St. Clair, ɗan garin, dogo ƙwarai. Ed Brown ne ke jefa ƙwallo. Sai baƙaƙe biyu. Ollie Matson, haifaffen jihar Teksas a 1930, wanda iyalinsa suka koma San Faransisko yana yaro, shi ne mai gudu da ƙwallo. Burl Toler, haifaffen Memphis a jihar Tenesi a 1928, shi ne ginshiƙin masu tsaro. Su biyun sun yi wasa tare tun a kwalejin birnin kafin su zo jami'ar. Akwai kuma wani saurayi da ba ya shiga fili, Pete Rozelle, wanda aikinsa shi ne tallata ƙungiyar ga ƴan jarida.

Kakar ta fara a watan Satumba da San Jose State, aka tashi 39 da 2. Daga nan suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Wasan da ya fi ba su wuya shi ne na birnin New York da jami'ar Fordham, inda aka tashi 32 da 26. A ranar Matson ya karɓi ƙwallo kusa da gidansu har sau biyu ya ratsa kusan dukan filin ba wanda ya kama shi. Sun doke Santa Clara 26 da 7, suka doke kwalejin Pacific 47 da 14. Wasan ƙarshe shi ne da Loyola a garin Pasadena, cikin watan Nuwamba, aka tashi 20 da 2. In aka raba, sun riƙa cin maki sama da 30 a kowane wasa, ana ci musu ƙasa da goma.

Matson ya ƙare kakar da yadi 1,566 na gudu da ƙwallo, kuma ya kai ƙwallo gida sau 21. Babu ɗan jami'ar da ya kai shi a duk ƙasar a wannan shekara. Duk da haka na tara ya zo a zaɓen kyautar Heisman, wadda ake ba gwanin gwanaye. Dick Kazmaier na Princeton ne ya ɗauka. Da aka zo fitar da jerin gwanayen ƙasa, sai aka sa Matson cikin masu tsaro, aka bar aikin da ya fi kowa iyawa. Ƙungiyar kuma ta zo ta 14 a jerin da kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar.

A wancan zamani babu gasar fitar da zakara. Abin da ake da shi wasanni ne na ƙarshen kaka da ake kira Bowl, waɗanda ake yi a ranar sabuwar shekara. Kwamitin ƴan kasuwa na kowane gari ke zaɓar ƙungiya biyu ya gayyato, kuma kowace takan koma gida da kuɗi masu kauri. Wanda ya fi kusa da su, Rose Bowl na Pasadena, an riga an keɓe shi ga wasu rukunoni biyu na manyan jami'o'i, don haka ƙofarsa a rufe take ga Dons. Sauran manyan duk a Kudu suke: Orange Bowl a Miami, Sugar Bowl a New Orleans, Gator Bowl a Jacksonville, Cotton Bowl a Dallas.

Kudancin Amurka na 1951 wuri ne da doka ta raba baƙi da fari. Tun hukuncin kotun ƙoli na 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson aka halatta raba makarantu, da motocin haya, da otal, da famfon shan ruwa. Sai a 1954 kotun ta soke wariya a makarantun gwamnati, kuma sai a 1955 Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a motar haya ta Montgomery. A fagen wasa an fara samun ƴar ƙofa: gasar ƙwararru ta NFL ta sake ɗaukar baƙaƙe a 1946, Jackie Robinson ya shiga babbar gasar ƙwallon sanda a 1947, kuma a farkon 1948 baƙaƙe biyu na jami'ar Penn State sun buga Cotton Bowl. Amma har wannan lokaci baƙar fata bai taɓa buga Orange Bowl ko Sugar Bowl ba.

Don a gane yanayin, ga abin da ya faru a tsakiyar wannan kakar. Ranar 20 ga Oktoban 1951, jami'ar Drake ta je garin Stillwater karawa da Oklahoma A&M. Tauraron Drake baƙi ne, Johnny Bright, kuma ana sa shi cikin masu iya ɗaukar kyautar Heisman. A farkon wasan wani ɗan wasan Oklahoma ya riƙa kai masa duka a fuska bayan ƙwallo ya bar hannunsa, har ya karya masa muƙamuƙi. Masu ɗaukar hoto biyu na wata jaridar Des Moines sun kama abin daki-daki, hotunan kuma suka ci kyautar Pulitzer a 1952. Ba a hukunta wanda ya yi dukan ba. Sai a 2005 jami'ar ta nemi afuwa.

A cikin wannan yanayi Dons suka gama kakarsu suna jiran gayyata. Har suka tsufa ƴan wasan magana ɗaya suke faɗi: an isar musu da saƙo cewa za a iya gayyatarsu Orange Bowl in sun yarda su bar Matson da Toler a gida, su kuwa suka ce ba za su je ba. Babu doguwar muhawara. Hujjar da aka bayar a fili daban ce: an ce abokan karawarsu ba su da ƙarfi. Orange Bowl ya gayyaci Georgia Tech da Baylor, jami'o'in Kudu biyu da babu baƙi ko ɗaya a cikinsu, kuma an taɓa doke Baylor a kakar.

Mai son gaskiya dole ya auna hujjar nan. Tana da ƙamshin gaskiya. Biyu daga wasanni taran da ƙungiyoyin sansanonin soja aka yi su, biyu kuma da San Jose State. Manyan maƙwabta, Stanford da jami'ar Kalifoniya, ba sa cikin jadawalin Dons na wannan shekara. Amma kwalejin Pacific da suka lallasa 47 da 14 ta sami gayyata zuwa ƙaramin wasan Sun Bowl a El Paso. Sannan lokaci ya yi nasa alƙalancin. Aƙalla takwas daga ƴan ƙungiyar sun buga gasar ƙwararru ta NFL, uku kuma, Matson da Marchetti da St. Clair, sun shiga zauren tunawa da gwanayen wasan da ke Canton a jihar Ohayo. Ƙungiya mai irin waɗannan mutane ba a ce mata marar ƙarfi. Ko da gayyata ta zo a rubuce ko a baki, abin da ba a jayayya a kai shi ne wasannin Orange Bowl da Sugar Bowl ba su taɓa karɓar baƙi ba a lokacin, kuma Dons ba su nemi hanyar zuwa ta ajiye nasu biyun ba.

Yanzu mu koma batun kuɗi. Ƙungiyar tana jawo wa jami'ar asarar kimanin dalar Amurka 70,000, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma a 1951 wannan kuɗi ne mai nauyi ga ƙaramar makaranta. Dalilan asarar sanannu ne. Tun 1946 ƙungiyar ƙwararru ta 49ers ke wasa a filin Kezar ɗin nan, ta janye ƴan kallo. Talabijin ta fara shiga gidaje. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950 yana kwashe samari zuwa soja. Jami'o'in Katolika da yawa sun faɗa cikin irin wannan rami: Saint Mary's da Georgetown sun bar wasan bayan kakar 1950, Loyola bayan ta 1951, Santa Clara bayan ta 1952, Fordham bayan ta 1954. Saboda haka ba daidai ba ne a ce rashin gayyata kaɗai ya kashe ƙungiyar, don ta daɗe tana jinya. Amma kuɗin babban wasan Bowl guda ɗaya da sun toshe ramin wannan shekara. Shi ne maganin da ya rage, shi ne kuma ba a samu ba. Jami'ar ba ta sake komawa babban rukunin wasan ba.

Nan ne nauyin labarin yake. Samarin nan, mafi yawansu ba su wuce shekara 22 ba, suna da abin rasawa. Wasan Bowl shi ne inda masu neman ƴan wasa na ƙwararru ke zuba ido. Waɗanda ba su gama karatu ba kuma ƙungiyar ce ta kawo su makarantar. St. Clair sai da ya koma jami'ar Tulsa ya yi shekararsa ta ƙarshe. Kuharich ya tafi horar da Chicago Cardinals. Ƙin yarda da zalunci yana da sauƙi ga wanda ba abin da zai fita daga aljihunsa. Su kam sun biya, kuma sun biya shekara uku kafin kotun ƙoli ta ce komai, lokacin da babu doka ko jarida da za ta zarge su in da sun tafi Miami su bar mutum biyu a baya. Hausawa na cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Da sun je sun ci wasan ma, da wane ido za su dubi Toler da Matson a ɗakin sauya kaya?

Bayan watsewar, kowa ya kama gabansa. Matson ya shiga tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, ya samo tagulla a gudun mita 400 da azurfa a gudun ba da sanda na mutum huɗu. Wato wanda ba a yarda ya taka filin Miami ba ya isa ya ɗaga tutar ƙasar a Finlan. Ya shiga Chicago Cardinals a shekarar, kuma a 1959 ƙungiyar Los Angeles Rams ta ba da ƴan wasa tara don ta same shi shi kaɗai. Wanda ya ƙulla wannan ciniki shi ne Pete Rozelle, yaron nan mai tallata Dons, wanda a lokacin ya zama manajan Rams. A 1960 Rozelle ya zama shugaban NFL, ya riƙe kujerar har 1989. Marchetti ya zama ɗaya daga manyan masu tsaro a tarihin wasan tare da Baltimore Colts. Shi da Matson rana ɗaya aka shigar da su zauren Canton a 1972.

Toler ne ƙaddara ta fi gwadawa. Abokan wasansa da dama sun ce shi ne gwanin ƙungiyar. Cleveland Browns ta zaɓe shi, amma a watan Agustan 1952, a wasan da ake haɗa zaɓaɓɓun ƴan jami'o'i da zakarun ƙwararru a Chicago, gwiwarsa ta lalace. Bai taɓa buga wasan ƙwararru ko ɗaya ba. Sai ya koma karatu, ya zama malamin makaranta a San Faransisko. Ya yi shekara 17 a makarantar Benjamin Franklin, ya koyar, ya zama darakta, baƙar fata na farko da ya shugabanci makarantar sakandare a birnin. A 1965, a zamanin shugabancin Rozelle, NFL ta ɗauke shi alƙalin wasa, baƙi na farko a wannan aiki. Ya yi shekara 25 yana busa usur, har da wasan ƙarshe na Super Bowl a 1980. Johnny Bright ma, wanda aka karya wa muƙamuƙi, Kanada ya tafi ya yi wasa, daga baya ya zama malami kuma daraktan makaranta a Edmonton. Manyan taurari biyu na kakar 1951 a aji suka ƙare, gaban allo.

Katangar ba ta faɗi da wuri ba. Baƙaƙe sun fara buga Orange Bowl a 1955. A watan Janairun 1956 Bobby Grier na jami'ar Pittsburgh ya zama na farko a Sugar Bowl, bayan gwamnan Jojiya, Marvin Griffin, ya yi ƙoƙarin hana Georgia Tech karawa da shi. A shekarar kuma jihar Luwiziyana ta yi dokar hana baƙi da fari wasa tare. A 1958 jami'ar Buffalo ta sami gayyatarta ta farko, zuwa Tangerine Bowl a Orlando, da sharaɗin ta bar ƴan wasanta baƙaƙe biyu. Ƴan wasan suka ƙi, kuma sai da jami'ar ta jira shekara 50 kafin ta buga wasan Bowl. A San Faransisko kuwa ƙungiyar ƙwallon kwando ce ta gaji halin: da Bill Russell da K.C. Jones ta ɗauki kofin ƙasa a 1955 da 1956, tana fara wasa da baƙaƙe uku cikin biyar.

Yabo ya zo, amma a makare. A 2006 jami'ar ta ba ƙungiyar 1951 digirin girmamawa. A farkon 2008 aka gayyaci waɗanda suka rage zuwa Fiesta Bowl a jihar Arizona, suka shiga fili suna tsofaffi, shekara 56 bayan gayyatar da ba ta zo ba. Toler ya rasu a 2009, Matson a 2011. A 2017 jami'ar ta cire sunan James Phelan daga wani ginin kwanan ɗalibai, tsohon magajin garin da ya yi yaƙin neman zaɓe da kiran a bar Kalifoniya ga farare kaɗai, ta sa sunan Burl Toler.

Mu malamai mun san yadda ake auna makaranta: kashi nawa suka ci jarrabawa, kofi nawa aka kawo. Da wannan ma'auni kakar 1951 asara ce, tunda babu kofi, babu kuɗi, ƙungiyar ma ta tafi. Amma akwai abin da ba ya shiga takardar sakamako. Ba wanda ke zama da yara ya ce musu ranar kaza za a zo muku da ciniki, a ce ku ajiye biyu daga cikinku ku sami abin da kuke so. Cinikin yakan zo ne ba sallama, cikin lallashi, da hujja mai daɗin ji: wasa ɗaya ne kawai, su ma za su gane, kuɗin zai amfani kowa. Yaran da suka yi shekaru suna cin abinci tare, suna shan rana tare a filin horo, ba su tsaya lissafi ba. Georgia Tech ce ta ci Orange Bowl na ranar 1 ga Janairun 1952, da maki 17 da 14, kuma yau sai mai bincike ke tuna wannan. Ginin da ɗaliban San Faransisko ke kwana a ciki kuwa sunan malamin makarantar nan yake ɗauke da shi, wanda abokansa suka ƙi tafiya su bar shi.